Wanzami ba ya son jarfa: majalisun jami'a da tarihin hisabinsu

A ƙasar Damargu, idan kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, lokacin ne uban ɗalibi yake zama ya yi lissafi. Yaron da ya fara karatu a wata makarantar ƙauye ta karkarar Gangara, ya wuce kwaleji, ya yi lise a Tanut, ya kuma sami bakaloriya, sai an sayar da dami kaza da tumaki kaza kafin ya hau mota zuwa Damagaram. Kafin shekarar 2010 tafiyar ta fi haka nisa, domin in ban da Jami'ar Musulunci ta Sayi, jami'a ɗaya tak ƙasar Nijar take da ita, can a Yamai, kimanin kilomita 900 daga Damagaram. A wannan shekara ce aka kafa jami'o'in Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2014 kuma aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi.

Wannan uba ya san yadda ake tafiyar da makarantar ƙauyensu. Tun tsakiyar shekarun 2000 makarantun firamare na Nijar suke da kwamitocin kula da makaranta, waɗanda aka fi sani da COGES, daga baya aka koma kiran su CGDES. A cikinsu akwai daraktan makaranta da wakilan iyaye maza da mata da na malamai, kuma ƙa'ida ita ce a tara jama'ar gari a faɗa musu abin da aka karɓa da abin da aka kashe. Ba ko'ina ake cika wannan ƙa'ida ba, duk malamin da ya yi aiki a karkara ya sani, amma dai ma'ajin kwamiti maƙwabci ne, ana haɗuwa da shi a masallaci da kasuwa, kuma idan kuɗin zana da itacen rumfar aji suka yi ɓatan dabo, an san ƙofar da za a yi wa sallama. To, jami'ar da uban ya tura ɗansa ita ma tana da nata kwamitin, wanda ake kira majalisar jami'a, mai riƙe da kuɗin da ya ninka na makarantar ƙauye sau dubbai. Su wane ne a ciki, kuma idan sun yi ba daidai ba, gaban wa suke tsayawa?

Jami'o'in jihohin Nijar ba su daɗe ba har a ce tarihinsu ya amsa wannan tambaya. Inda za a sami dogon labari a ƙasar Hausa shi ne Zariya. An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ranar 4 ga Oktoba 1962, Sardaunan Sakkwato Sa Ahmadu Bello ne ubanta na farko, Norman Alexander kuma, wani masanin kimiyya mutumin Niyu Zilan, shi ne shugabanta na farko. Tsarin da aka ɗora ta a kai na Ingila ne, wato an raba iko gida biyu. Majalisar malamai ita ke kula da darussa da jarrabawa da ba da digiri. Majalisar gudanarwa kuwa ita ke riƙe da kuɗi da filaye da kwangila da ɗaukar ma'aikata da sallamarsu, kuma da gangan aka sa shugabanta ya zama mutumin waje, ba malamin jami'ar ba, domin ya zama idon jama'a a kan shugaban jami'a. A saman duka kuma doka ta ajiye wani mai laƙabin da ke nufin mai ziyara, wanda yake da ikon aiko masu bincike su duba yadda ake tafiyar da gidan. Da gwamnatin soja ta tarayya ta karɓe jami'o'in yankuna a 1975, sai wannan laƙabi ya koma kan shugaban ƙasa. Daga ranar, wanda ke naɗa mafi ƙarfin ƴan majalisa, da wanda ke ba da kuɗi, da wanda ke da ikon bincike, duk suka zama mutum ɗaya.

Ba a jima ba aka ga abin da wannan yake nufi. A watan Afrilu 1978 aka ƙara wa ɗalibai kwabo 50 a kan kuɗin abincin yini, daga naira 1 da kwabo 50 zuwa naira 2. Ba majalisar wata jami'a ce ta yanke wannan shawara ba, daga Legas aka aiko da ita. Ɗalibai suka fita suna neman a tsige kwamishinan ilimi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali, aka harbe wasu a Legas da Samaru. Gwamnatin Janar Obasanjo ta haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, sannan bayan binciken hukumar Mai Shari'a Usman Mohammed ta kori wasu malamai, shugabannin jami'o'in Legas da Zariya kuma, wato Ade Ajayi da Iya Abubakar, suka rasa kujerunsu. A rubuce, majalisa ce uwar gidan waɗannan ma'aikata. A aikace kuwa, daga sama umarni ya zo.

Shekara takwas bayan haka aka sake zubar da jini a wuri guda, kuma kan tunawa da jinin farko. A 1986 ɗaliban Zariya suka yi jerin gwano domin tuna ƴan'uwansu da aka kashe a 1978. Hukumar jami'a, ƙarƙashin Farfesa Ango Abdullahi, ta ce masu jerin gwanon sun keta doka da suka shiga masaukin ɗalibai mata mai sunan Sarauniya Amina, sai ta hukunta shugabannin ƙungiyarsu da kora da dakatarwa. Ɗalibai suka tayar da ƙayar baya suna cewa sai shugaban jami'a ya sauka, aka kira ƴan sandan kwantar da tarzoma, ranar 23 ga Mayu suka buɗe wuta. Gwamnati ta ce mutum 4 ne suka mutu, ɗalibai da wasu jaridu suka ce sun fi haka nesa ba kusa ba. Wutar ta bazu zuwa sauran jami'o'in ƙasar, aka rufe da yawa daga cikinsu.

Abin lura a nan shi ne lokacin da ya shige tsakanin hukunta shugabannin ɗalibai da ranar harbi. Irin wannan tsakani aka kafa majalisa dominsa. Dokokin jami'o'in Najeriya sun ba ɗalibin da aka kora damar ɗaukaka ƙara gabanta, kuma mutanen waje da ke cikinta, dattawa masu furfura da suna, su ne ya kamata su iya ce wa shugaban jami'a ya sassauta, su ce wa yara su koma aji. Amma duk wanda ya san labarin 1986 ya san sunan shugaban jami'a, ya san na Manjo Janar Emmanuel Abisoye da gwamnatin Babangida ta ɗora wa bincike. Da wuya a sami wanda zai iya kawo sunan ɗan majalisa ko guda, balle abin da ya faɗa a wancan lokaci. Ango Abdullahi ya bar kujerarsa a shekarar. Abin da aka fi tunawa da shi daga rahoton Abisoye kuwa shi ne zargin cewa wasu malamai ba sa koyar da abin da ake biyan su domin su koyar, wato suna cusa wa yara aƙidar tawaye. Da wannan zargi aka ɗauki dutse daga kan masu riƙon gida aka ɗora shi kan masu riƙon alli. A 1988 jami'an tsaro suka kama Patrick Wilmot, malamin nazarin zamantakewa ɗan ƙasar Jamaika da ya shekara 18 yana koyarwa a Zariya, suka sa shi jirgi zuwa Landan. A 1989 aka sallami masanin tarihi Yusufu Bala Usman, sai kotu ce ta mayar da shi bakin aikinsa.

Mai karatu zai iya cewa ai zamanin soja ne, wa ya isa ya ɗaga murya? Gaskiya ne, amma ba wanda aka ɗaure da igiya aka kai shi kujerar majalisa. Akwai kuɗin zama, akwai mota da masauki, akwai girma a ranar yaye ɗalibai, kuma Bahaushe ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mutumin da ya ga ba a bar shi ya yi aikin da aka naɗa shi dominsa ba, ƙofar murabus a buɗe take gare shi ko a ƙarƙashin soja.

Ƙarshen wannan hanya ya zo a 1995. A zamanin shugabancin Farfesa Daniel Saror, wanda ya hau a 1991, ma'aikatan jami'ar suka rabu gida-gida, ana jifan juna da zargin ƙabilanci da bambancin addini da almundahana, har aiki ya kusa tsayawa. Majalisar da aka kafa domin raba irin wannan gardama ba ta iya raba ta ba. Gwamnatin Janar Sani Abacha ta aiko da Manjo Janar Mamman Kontagora mai ritaya, injiniyan soja kuma tsohon ministan ayyuka, a matsayin kantoma, ya haɗa ikon shugaban jami'a da na majalisa a hannunsa shi kaɗai har zuwa 1998. Jami'ar Nsukka ma kantoma aka kai mata a wannan zamani. Mutanen Samaru suna yaba wa Kontagora kan gyaran gine-gine da maido da tsari, shi ya sa filin da ake bikin yaye ɗalibai yake ɗauke da sunansa. Sai dai zarge-zargen da suka kai gidan ga wannan hali ba a zauna gaban jama'a an warware su ɗaya bayan ɗaya ba, a ce wane ya ci amana, wane ƙazafi aka yi masa. An kwashe tabarma ne da abin da ke kanta. Mai laifi ya tafi gida da mutuncinsa, marar laifi ya tafi da tabon zargi, kuma ba a bar wa majalisar da za ta zo daga baya wani darasi a rubuce ba.

Da mulkin farar hula ya dawo a 1999, ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta matsa a ba jami'a ƴancin kanta. Gyaran dokar jami'o'i na 2003 ya yi ƙoƙari ƙwarai a kan takarda. Ya ba majalisa ikon naɗa shugaban jami'a, ya kuma ba ta ikon tsige shi, amma sai bayan wani kwamitin haɗin gwiwa na majalisar gudanarwa da ta malamai ya bincika, an kuma ba wanda ake zargi damar kare kansa. Ya ƙayyade wa majalisa shekara 4, ya ce ba a rushe ta kafin wa'adi sai an same ta da gazawa da cin hanci, kuma in an rushe sai a kafa wata nan take. Ya wajabta wa shugaban ƙasa aiko masu bincike aƙalla sau ɗaya a kowace shekara 5. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ƙashin bayan dokar, domin shi kaɗai ne lokacin da wani daga waje yake buɗe littattafan majalisa, kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Kwamitocin da aka aika a 2021 sai da suka duba aikin shekara 10 a tashi ɗaya, daga 2011 zuwa 2020, kuma ba a aika su ba sai bayan yajin aikin wata 9 da malamai suka yi a 2020. A yajin aikin wata 8 na 2022, fitar da matsayar gwamnati kan rahotannin nan yana cikin abubuwan da malamai suka nema. Ita kanta Zariya, daga 2009 zuwa 2010 a hannun shugabannin riƙon ƙwarya biyu ta zauna, saboda an kasa kammala zaɓen sabon shugaba a kan kari.

Sauran mafakar wanda majalisa ta zalunta ita ce kotu, amma tafiyar kotu tafiyar hawainiya ce. Malamai 49 da Jami'ar Ilori ta kora a 2001 a kan yajin aiki, sai a 2009 Kotun Ƙoli ta ce korar ba ta bisa doka, a mayar da su a biya su haƙƙinsu. Kuɗin kuwa daga baitulmali aka biya, ba daga aljihun waɗanda suka sa hannu a takardar kora ba.

Babu inda raunin tsarin ya fito fili kamar Jami'ar Legas a 2020, kuma ko da yake Legas ba ƙasar Hausa ba ce, doka ɗaya ce take mulkin ta da Zariya da Kano da Sakkwato. Shugaban majalisa, lauya Wale Babalakin, da shugaban jami'a, Farfesa Oluwatoyin Ogundipe, sun daɗe ba sa ga maciji. Wani kwamitin majalisa ya zargi hukumar jami'a da kashe kuɗi ba bisa ƙa'ida ba, Ogundipe ya musanta, malamai kuma suka zargi Babalakin da wuce gona da iri. Ranar 12 ga Agusta majalisa ta yi zama a Abuja, nesa da harabar jami'a, ta ce ta tsige shugaban. Majalisar malamai ta ce ba ta san zancen ba, tunda ba a kafa kwamitin haɗin gwiwar da doka ta ce ba. Gwamnati ta dakatar da mutanen biyu, ta naɗa kwamitin bincike na musamman ƙarƙashin Farfesa Tukur Sa'ad. Babalakin ya yi murabus a watan Satumba yana ƙorafi kan yadda aka tsara binciken, a watan Nuwamba kuma aka mayar da Ogundipe kujerarsa, aka rushe majalisar, bisa hujjar cewa ba ta bi matakan doka wajen tsigewa ba. Hujjar tana da ƙarfi, domin majalisar da ta taka doka wajen hukunta wani ta zubar da nata ikon da hannunta. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Iyayen ɗalibai suna da haƙƙin su ji, daga bakin wanda ba ya cikin faɗan, ko kuɗin nan an kashe su daidai ko ba a kashe ba, sai maganar yadda aka yi tsigewa ta danne maganar dalilin tsigewa.

Daga nan rushewa ta zama ruwan dare. A watan Yuni 2023 Shugaba Bola Tinubu ya rushe hukumomin gudanarwar ma'aikatun tarayya baki ɗaya, har da majalisun jami'o'in da wa'adinsu bai cika ba, ba tare da an ce an same su da wani laifi ba, kuma sai da aka shafe kusan shekara guda kafin a naɗa sababbi. A watan Nuwamba 2024 aka rushe majalisar Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka, gwamnati ta ce ta naɗa shugaban da bai cika sharuɗɗa ba. A watan Faburairu 2025 aka yi wa ta Jami'ar Abuja haka bayan rigima kan naɗin shugaba. Wanda ya zaɓo mutanen jiya shi ne ya kore su yau, shi ne kuma zai zaɓo na gobe, babu mai tambayarsa da wane ma'auni ya auna na farko. Wanzami ba ya son jarfa, kuma a wannan sana'a wanzaman hawa-hawa ne.

Nijar ta bi wata hanya dabam, ta kuma iso mararraba mai kama da wannan. Jami'ar Yamai ta fara a matsayin cibiyar ilimi mai zurfi a 1971, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973, a kan tsarin da aka gada daga Faransa, inda shugaban jami'a da kansa yake jagorantar majalisar jami'a, ba wani mutumin waje ba. Ranar 9 ga Faburairu 1990, a zamanin Janar Ali Saibu, jami'an tsaro suka buɗe wuta kan ɗalibai a gadar Kennedy, ɗalibai 3 suka rasu. Wannan jini yana cikin abubuwan da suka kai ƙasar ga Babban Taron Ƙasa na 1991, wanda ɗan Damagaram, masanin tarihi André Salifou, ya shugabanta, shi ne kuma aka raɗa wa jami'ar Damagaram sunansa daga baya. A 1992 aka sa wa jami'ar Yamai sunan Abdou Moumouni, masanin hasken rana kuma tsohon shugabanta. A shekarun da suka biyo bayan taron, mutanen jami'a suka sami ikon zaɓen shugabanninsu da ƙuri'a, suka riƙe shi a matsayin ɗaya daga cikin manyan ribar gwagwarmayar dimokuraɗiyya.

A 2018 gwamnatin Mahamadou Issoufou, ta hannun ministan ilimi mai zurfi Yahouza Sadissou, ta ce za a koma naɗa shugabannin jami'o'i. Ƙungiyar malamai ta SNECS ta shiga yajin aiki kashi-kashi na tsawon watanni, a watan Afrilu 2019 kuma majalisar dokoki ta amince da gyaran dokar. Kowane ɓangare yana da abin kamawa. Gwamnati ta ce ita ke zuba kuɗin, ita jama'a ke zagi idan shekarar karatu ta shiga cikin wata, don haka ba zai yiwu ta zama ƴar kallo ba. Kuma lalle shugaban da abokan aikinsa suka zaɓa yana jin nauyin tsawata wa masu ƙuri'arsa. Malamai suka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma shugaban da minista ya naɗa kunnensa yana wajen minista. Labarin Zariya daga 1975 zuwa 1998 shaida ne a gare su, ba ga gwamnati ba.

Sai dai gardamar gaba ɗaya a kan wa zai naɗa ta tsaya, ba ta kai ga wa za a yi wa bayani ba. Zaɓe yana sa shugaba ya ji tsoron malamai, naɗi yana sa ya ji tsoron minista, kuma a cikin biyun babu wanda ya wajabta masa ko majalisarsa su fito da kasafin kuɗi da sunayen waɗanda aka ba kwangila da abin da aka tattauna a zama, a manna inda kowa zai karanta. Watannin da aka yi ana wannan ja-in-ja, ɗaliban Damagaram da Maraɗi da Tawa suna zaune ne babu darasi, waɗanda suka fito daga nesa suna cin guzurin da aka haɗa musu domin shekarar karatu. Na Gangara da Tanut da Belbeji, da damina ta kawo kai, wasu suka hau mota suka koma gida noma, jarrabawa tana jiran su a wata shekarar.